Motar Da Muka Zuba A Rumbu

Malam Edita, sallama gare ka da masu bin wannan shafi. A tsakiyar shekarun tamanin, lokacin da abin da zan faɗa ya faru, ni ɗalibi ne a wata babbar makaranta a cikin Kano, ina karanta ilimin tattalin arziki. Mutum ne ni mai shiru da kunya. Kafin in ɗaga hannu a aji sai na yi ta maimaita tambayar a zuciyata har malami ya tattara takardunsa ya fita. Amma a wajen karatu ba ni da wasa. Da rula nake ja wa littafi layi, kuma duk abin da na gani a buge cikin littafi, a wurina an gama magana. A gidanmu, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, ni kaɗai na wuce sakandare, don haka sai aka ɗauki shirun nawa a matsayin zurfin ilimi. Ni kuwa ban taɓa gyara wa kowa wannan zato ba.

Mahaifina manomin rani ne. Tun da aka kawo ruwa ta kanal yake noma tumatir da alkama da rani, shinkafa da damina. Babban ciwon kansa shi ne abin ɗaukar kaya. Tumatir ba ya jira. In an tsinke shi yau, to yau zai bar gona, in ba haka ba ya fara tsiyaya a cikin kwando. Direbobi sun san haka, sai su yi alkawarin safe su zo da la'asar, su kuma ƙara kuɗi. Burin Baba a duniya bai wuce ya mallaki a-kori-kura tasa ta kansa ba, ko da tsohuwa ce, ya riƙa kai kayansa bakin titin Zariya a lokacin da ya ga dama. Wata shekara tumatir ya yi kyau, ya kuma yi kuɗi. A daidai lokacin aka ji cewa wani Baturen injiniya da ya yi aikin kanal zai koma ƙasarsu, yana sayar da kayansa, har da a-kori-kura mai lafiya. Baba ya ɗaure kuɗinsa a lalita ya tafi.

Ya tarar an riga shi. Abin da ya rage sai wata ƙaramar mota ja wur, irin ta tsere, mai kujera biyu tak, da rufin tamfol mai naɗewa. Ga ta ƙasa-ƙasa kamar ta durƙusa gaisuwa. Wani dillali da ke wurin ya ja Baba gefe, ya ce masa Alhaji, ai Allah ne ya tsare maka rabonka, irin wannan 'ya'yan masu kuɗi ke nema a birni ido rufe, ka saya ka juya ta, sai ka sami a-kori-kura har da canji. Baba bai taɓa zuwa Makka ba a lokacin, bai kuma iya tuƙi ba, amma kiran Alhajin nan da ƙyallin motar suka haɗu suka yi masa yawa. Ya biya. Direban Baturen ne ya kawo ta. A kan gadar kanal da ke shiga ƙauyenmu cikinta ya maƙale, tayoyin baya suna juyawa a iska, sai da samari suka taru suka ɗauke ta cak kamar gadon amarya suka sauke ta a ƙofar gidanmu. Da direban ya kunna fitilu suka ɗago daga cikin goshinta, nan take yara suka raɗa mata suna Jan Kwaɗo.

Baba ya gwada ta da kwando. Ɗaya ya shiga kujerar gefe da ƙyar, bayan kuwa ko rabin kwando bai ci ba. Inna ta leƙo ta ce wanda ya ƙera motar nan ba shi da dangi, ba shi da maƙwabta. Kakata, mahaifiyar Baba, wadda tun ina ƙarami take kirana maigidanta, ta ce a daina surutu, ita aka sayo wa, ni da ita za mu shige mu bar kowa a ƙasa, in dai ragon mijin nata zai iya ajiye littafi ya riƙe sitiyari.

Da na zo hutu, Baba ya kira ni zaure, ya ce tunda abin da nake karantawa ke nan, wato saye da sayarwa, to ya damƙa mini maganar motar. Ranar da na ce a sayar, a sayar. Gaskiyar magana, ban san komai game da mota ba, ko keke ban ƙware ba. Amma kunya ta hana ni faɗa. Na ce ya ba ni lokaci in yi nazari. Na koma makaranta na shiga ɗakin karatu, na tono wani littafin Turawa a kan cinikin motoci, na karance shi tas. Ya ce mota tana zubar da daraja ne da yawan tafiya da dukan rana. Ya ce amma motar tsere wadda ba ta da yawa a gari, in aka adana ta a wuri mai inuwa da sanyi, bayan ta faɗi sai ta dawo ta tashi, har ta wuce kuɗinta na farko. A wani shafin ya ce a riƙa tayar da ita jifa-jifa ana zagayawa. Na ga wannan ya ci karo da maganar yawan tafiya, ga shi ba mu da direba, sai na yanke hukuncin cewa a nan marubucin ya yi kuskure.

Na dawo na yi wa Baba bayani, har da zane a takarda, layi ya gangaro sannan ya miƙe sama. Ya daɗe yana kallon zanen, sai ya yi murmushi ya ce ashe dai boko ma abin da muka sani suke koyarwa, ai wannan albasa ce. Da kaka tana arha, a zuba ta a rumbu a yi haƙuri, in ta yi wuya a fito da ita. Ranar ce ta farko da ni da mahaifina muka yi doguwar hira muka kuma yarda da juna a kan komai. Har yau in na tuna daɗin da na ji ranar, sai in rasa ko dariya zan yi ko istigfari.

Ba a daɗe ba dillalin nan ya zo da wani saurayi, ɗan wani attajiri daga birni, da baƙin tabarau da ƙamshin turare. Bikinsa ya matso, yana so ya ɗauki amarya a motar da ba wanda ya taɓa gani. Bai ma tsaya ciniki ba. Ya zo da ɗaya daga cikin a-kori-kurar da ake ɗaukar kayan kantin mahaifinsa, ya ce a yi musaya, ga makulli. Na ga Baba ya tashi ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa bayanta, ya auna faɗinta da taku yana motsa baki, na san kwanduna yake jerawa a ransa. Sannan ya dawo ya zauna ya dube ni. Zauren ya cika da mutane, ni kuwa babban yatsan ƙafata nake kallo. A lokacin an shiga tsuke bakin aljihu, shigo da motoci ya yi wuya, farashinsu na ta hawa. Na matsa kusa da kunnensa na raɗa masa cewa layin nan bai fara hawa sosai ba tukuna. Baba ya gyara zama ya sanar da jama'a cewa ɗansa ya duba, motar ba ta nuna ba. Saurayin ya cire tabarau ya tambaya ko gwanda ce. Dillalin ya bi ni har bayan gidanmu yana ce mini haba Farfesa, ka taimaki tsoho, ka taimake ni, amma na yi shiru, shi kuma ya ɗauka taurin ciniki ne. Suka tafi da a-kori-kurarsu. Baba ya tsaya a ƙofar gida yana kallonta har ta haye gada.

Daga nan sai maganar adanawa. Yara na hawa, awaki na kwana a kan goshinta, rana na dukanta. Na zagaya gidanmu na zaɓi wuri mafi sanyi, can baya, ɓangaren da ya gangara wajen kanal, inda ko da tsakar rana ƙasa take da laushi. Na auna motar tsawo da faɗi, na sake aunawa, na zana wa magini. Saboda ɓarayi, Baba ya ce kada a yi ƙofa ko kaɗan, a gina ta a ciki, ranar sayarwa a fasa. Aka ɗora ta a kan manyan duwatsu kamar yadda ake ɗora gindin rumbu, aka tayar da katangar ƙasa ta kewaye ta, aka yi rufi, aka bar ɗan baki a sama. Inna ta ce tunda abin ya zama haka, a yi shi yadda ake yi. Ta kawo toka da ganyen darbejiya da dakakken barkono ta barbaɗa a ciki da kewaye, kamar yadda take yi wa wake. Baba kuma ya ga kujeru biyu za su zauna ba aikin komai, sai ya ɗora musu buhunan irin alkamar da ya rage masa, wai su ma su sha sanyi. Ban hana ba, don littafin bai ce komai a kan alkama ba. Aka yaɓe bakin da laka. Kakata ta tsaya ta yi addu'a, ta ce Allah ya sa ta haihu a ciki.

Damina ta zo ta wuce, rani ya zo, wata daminar ta sake zuwa. Farashin motoci kuwa ya yi ta hawa kamar yadda na faɗa, har Baba ya riƙa ba da labarina a ƙofar masallaci, yana cewa yaron nan ba ya magana amma yana gani. Duk da haka kowane lokacin tsinkar tumatir Baba yana nan a bakin hanya da kwandunansa yana jiran direbobi. In ba su zo ba, a kwaso a dawo gida, Inna da 'yan uwana mata su zauna su yi ta yankawa ana shanyawa a yi kauɗa, wadda kuɗinta bai kai na ɗanye ko kusa ba. Duk zuwana hutu, bayan mun gaisa, sai Baba ya nuna bayan gidanmu da haɓa ya tambaye ni ko ta nuna. Ni kuma in ce saura kaɗan. Abin da ban faɗa masa ba shi ne, na fara lura cewa a-kori-kura ta fi kowace mota saurin tashi, domin kowa ita yake nema. Duk hawan da tamu za ta yi, waccan ta riga ta yi gaba. Na ga haka ƙarara, amma in buɗe baki in ce na yi kuskure a gaban mutumin da ke yabona a masallaci, wannan ya fi ƙarfina. Sai na ci gaba da jira ko lissafin zai gyara kansa.

Akwai alamu, ba a ce babu ba. Gindin katangar ya yi baƙi da danshi, danshin kuma yana hawa sama a hankali, har ciyawa ta tsiro a jikinta da tsakiyar rani. Ƙauyenmu tun zuwan kanal haka yake, in ka haƙa rami kaɗan sai ruwa ya taso, kowa ya sani, shi ya sa ba mai kafa rumbu a wannan ɓangaren. Amma ai wannan mota ce, ƙarfe ce, kuma ɗan boko ne ya zaɓi wurin. Inna ta ce tana jin motsi a ciki in ta je ɗebo itace. Kakata ta ce ai motar ce ta gaji da jiran ragon direbanta, take tayar da kanta tana zagayawa.

Abin da ya kawo ƙarshen jiran, wani rani ne da tumatir ɗin Baba ya yi yabanya irin wadda bai taɓa gani ba. Ya kira ni ya ce shi fa bana ba zai iya kallon wannan ya ruɓe a bakin hanya ba, ko ta nuna ko ba ta nuna ba. Na yi sauri na ce ai daidai ke nan, bisa lissafina ma yanzu ne lokacin. Aka aika wa dillali. Ya ce saurayin farko ya yi aure har da 'ya'ya, ya sayi motar da za ta ɗauke su duka, amma shi dillalin ya samo wani mai saye. Suka zo da hantsi, da sabon mai sayen da bakanikensa. Kusan duk ƙauyen ya taru, har da masu tallan gyaɗa, kamar ranar suna. Baba ya sa babbar riga. Ni ma na sa farar shadda, na tsaya a gefensa, a karon farko na ɗaga kai ina kallon mutane.

Magini ya sa diga. Dukan farko, wani wari ya fito kamar na tsohuwar rijiya. Duka na biyu, katangar da ta riga ta jiƙe ta zube gaba ɗaya, sai ga ɓeraye. Malam Edita, ban taɓa sanin ƙauyenmu yana da ɓeraye masu yawa haka ba, manya, masu ƙiba, suna sheƙi. Suka fantsama cikin jama'a, mata na ihu, farantan gyaɗa na tashi sama, mai sayen ya haye kan turmin Inna da takalminsa mai tsini. Da aka lafa muka leƙa. Duwatsun sun nutse cikin ƙasa, motar ta zauna daɓas da cikinta a taɓo. Buhunan sun fashe, alkamar da ɓeraye suka rage ta tsiro a kan kujeru, doguwa, fara sol don ba ta taɓa ganin rana ba. Rufin tamfol ya zama raga. Da bakanike ya ɗaga murfin inji, ba waya ko ɗaya da ta rage da rigarta, kuma a tsakiyar injin wata uwar ɓeraye ta shimfiɗa ganyen darbejiyar Inna ta haihu a kai. Kakata ta leƙa ta ce alhamdu lillahi, addu'arta ta karɓu.

Abu ɗaya ne ya tsira. Fentin samanta yana nan ja wur, yana ƙyalli, rana ba ta taɓa shi ba ko kaɗan. Don in nuna wa mai sayen cewa da sauran amfani, na buɗe ƙofa da ƙyar, na ture alkama, na zauna a kujerar direba, zaman da ban taɓa yi ba. Ina ajiye ƙafa sai ƙasan motar ya ɓurma, tsatsa ta cinye shi, ƙafata ta shige taɓo har ƙauri. Ina zaune a haka, hannu a kan sitiyari, farar shadda ta zama abin da ta zama, mai sayen ya sauko daga turmi, ya je ya durƙusa gaban Baba, ya miƙa masa hannu biyu ya ce Baba, Allah ya ba da haƙuri, Allah ya mayar da alheri. Mutane kuwa, da yake sun saba da gaisuwar ta'aziyya, sai suka bi layi suna yi masa irin wannan gaisuwar. Bakaniken ya ce ko da an so gyarawa, kayanta babu a Kano, bai kuma yi zaton akwai a Ikko, wato Legas, ba. Dillali ya dube ni, ya kaɗa kai ya bi su.

Da kowa ya watse, Baba ya daɗe a tsaye da babbar rigarsa. Na jira faɗa, har na fi son a yi mini. Sai ya sunkuya ya tsinko tsiron alkama ɗaya, ya juya shi a hannu, ya ce irin nan dai mai kyau ne, dubi yadda ya fito ba taki. Ya shiga gida. Bai sake ce mini komai a kan motar ba, ba a ranar ba, ba bayanta ba. Sai dai daga lokacin ya daina ba da labarina a ƙofar masallaci, kuma wannan shirun nasa ya fi mini bulala zafi.

Shanun huɗa ne suka jawo ta daga taɓo. Wani mai walda a kasuwar Bunkure ya zo ya duba, ya ce ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya yana da sauran rai. Ya cire shi, ya sa masa tsofaffin tayoyi, ya ɗora katako, ya yi mana amalanken shanu, ya ɗauki gangar jikin a bakin ladansa. Da wannan amalanke Baba ya kwashi tumatir ɗin shekarar, sawu bayan sawu, a tafiyar shanu. Abin da ya kai titi a kan lokaci aka sayar, sauran Inna ta yanka. Ni na riƙa jan akalar shanun a hutun nan, mutanen gari na tsayawa a bakin kanal suna ce mini Farfesa a rage gudu, akwai yara a hanya. A-kori-kura kuwa ta yi nisan da kuɗin tumatir bai sake kamo ta ba. Har Allah ya karɓi ran Baba bai mallake ta ba, bayan kuwa an taɓa kawo masa ita har ƙofar gida da makulli a jiki.

Na gama karatu, na yi aiki, har na koyar da wasu wannan ilimi na farashi. Amma abin da na sani na gaske game da sayar da mota, a bayan gidanmu na koye shi. Mota ba hatsi ba ce. Ko tana tafiya ko tana tsaye, cin kanta take yi, tsayuwar ma ta fi cinye ta. Wanda ke riƙe da irin wannan motar ta ƙawa yana jiran ta yi tsada, ya daina kallon kuɗinta kaɗai, ya dubi abin da yake so ya saya da kuɗin, domin shi ma ba a tsaye yake ba. Masu son irinta kaɗan ne, kuma sha'awarsu ba ta daɗewa. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya zo, abin da ke hannunsa ya biya maka buƙatarka, to ranar ce lokacin, ka karɓa ka yi godiya.

Ga 'yan uwana ɗalibai kuma, musamman masu shiru irina waɗanda iyaye ke miƙa wa kowace shawara don sun ga littafi a hannunsu, ina roƙonku da abu ɗaya. In an tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba. Kunyar faɗin haka ta ɗan lokaci ce, a zaure, tsakaninku da mahaifinku. In kun ƙi, wata rana za ku faɗe ta a gaban gari duka, da ƙafa ɗaya a cikin taɓo, kuma ba ku ne za ku biya ba.